Arahar Fito Tsakanin Ingila da Faransa: Sababinta da Sakamakonta

Mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa bai wuce kilomita 34 ba a inda ya fi ƙunci, kuma duk wanda ya yi la'akari da yadda jama'a suke tsallaka shi domin yini ɗaya ko kwana biyu, su dawo bakin aikinsu ranar Litinin, zai so ya san abin da ya karya kuɗin fiton.

Babban sababi shi ne gasa. Tun da aka buɗe hanyar dogo ta ƙarƙashin teku a 1994, wadda take tsallakar da mota daga Folkestone a Ingila zuwa Calais a Faransa cikin minti 35, alhali jirgin fito daga Dover yana cin kusan awa ɗaya da rabi, masu jiragen ruwa suka tabbata ba za su yi galaba da sauri ba, sai da rangwame. Kafin 1999 ma, lokacin da Tarayyar Turai ta soke cinikin da babu haraji a tsakanin ƙasashenta, kantunan cikin jirgi ne suke kawo riba mai tsoka, har akan sayar da tikitin yini da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, domin an san matafiyi zai zazzage aljihunsa a kan giya da taba.

Sai kuma hikimar sa farashi gwargwadon lokaci, domin kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa ta zama asara har abada. Saboda haka mutumin da ya sayi tikiti tun da sauran makonni, ya yarda ya shiga layi a Dover da tsakar daren Talata cikin hunturu, yana biyan kaɗan. Wanda kuwa ya zo da yammacin Juma'a a hutun makaranta, shi ke biya musu su biyu. Haka kamfanin jirgin ƙasa na Eurostar yake yi tsakanin Landan da Paris.

Amma fa arahar nan akwai masu ɗaukar nauyinta. A watan Maris na 2022 kamfanin jiragen fito na P&O ya sallami ma'aikatan jirgi kusan 800 a yini ɗaya, ya musanya su da 'yan kwangila masu ƙaramin albashi, lamarin da ya sa Birtaniya da Faransa, kowacce a 2023, suka kafa dokar mafi ƙarancin ladan ma'aikatan jiragen fito. A ra'ayina, rangwamen da aka tsamo daga gumin ma'aikaci zalunci ne, ko da mai saye bai sani ba.

Ɗalibinmu da ke Ingila da fasfon Nijeriya ko na Nijar, lissafinsa daban ne, domin bizar Schengen kaɗai Yuro 90 ce tun daga Yunin 2024, kuma sau da yawa ta fi tikitin tsada. Gara ya fara neman biza kafin ya biya kuɗin tikiti, gama galibin tikitin araha ba a mayar da kuɗinsa.