Yadda Ake Duba Teku Kafin A Tayar Da Injin Kwalekwale

Ba tsayin igiyar ruwa kaɗai ke kifar da jirgi ba. Gogaggen matuƙi ya fi lura da tazarar da ke tsakanin wannan igiya da mai bi mata. Igiya mai tsayin mita 1 da ke zuwa duk bayan daƙiƙa 10, ƙaramin kwalekwale mai inji zai hau ta ya sauka lafiya lau. In kuwa duk daƙiƙa 4 take zuwa, kafin goshin jirgin ya ɗago wata ta riga ta make shi, ruwa ya fara taruwa a ƙafafun fasinjoji.

Sai iska. Da zarar farin kumfa ya yawaita a kan ruwa, gudunta ya kai kilomita 20 zuwa 28 a awa, kuma a ganina ƙaramin jirgi ya haƙura kawai. Iskar gaɓa takan ƙaru bayan azahar, shi ya sa fitar sassafe ta fi.

Bakin kogi ya fi ko'ina haɗari, kamar inda Volta ke shiga teku a Ada ta ƙasar Ghana. Lokacin da teku ke janyewa, ruwan da ke fita yakan yi karo da igiyar da ke shigowa, sai ta miƙe tsaye ta karye a kan yashi.

A gaɓar Legas da Ghana teku ya fi hautsinewa daga Yuli zuwa Satumba, a hunturu kuma hazo ke rufe gaɓa. Ka duba hasashen hukumar kula da yanayi (NiMet, in kana Najeriya) kafin ka fita, kowa kuma ya sa rigar kariya tun daga tudu.