Ƙasa Tana Ɗumame, Siminti Ba Ya Yi

Damin hatsi in ya shigo gida a Kurni, uwargida ba ta barin komi nasa ya tafi a banza. A sussuka, a sheƙe, ƙaiƙayi ya koma gefe. A surfa, dussa ta zama ta awaki, ƙasari tumaki su sha, tsaki kuma rabon kaji ne. Tuwon dare in ya rage, da safe ɗumame ne, ƙanzon gindin tukunya ma sai an ɓamɓare shi an shanya. Tun kafin ta ɗora sanwa ta ƙirga bakunan gidan, ta auna da tiya. Macen da za ta tuƙa tuwon mutum ashirin a gidan mutum bakwai, ta kai saura juji, kowa ya san sunan da za a kira ta da shi a bakin rijiya.

To, me ya sa maigidan da ba zai lamunci haka a madafa ba yake zuba ido ana yi masa a wurin gini? Tsaya inda ake jera bulo, a Kurni ko a Matamaye, ka duba ƙasa. Ga buhun siminti an jingine shi a kan danshi, ya daskare da siffar buhunsa, ko da guduma sai an sha wuya. Ga kwaɓin da aka cika dab da la'asar, leburori suka tashi, ya kwana ya sandare. Ga rabin bulo, ga guntayen rodi, ga ƙusoshi yara na takawa. Simintin nan daga nesa yake zuwa, daga Malbaza ko daga Najeriya, an biya kuɗin mota da na lodi. Masana kuma sun ce sarrafa shi kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya.

Ita ƙasar gini tana ɗumame. Katanga in ta faɗi, a farfasa ta, a jiƙa, a zuba ƙaiƙayi ko ciyawa, a tattake, ta kwana biyu tana ruɓa, a sake buga tubali da ita. Ɗakin kaka yakan dawo ɗakin jika. Siminti kuwa in ya kama ya kama, iyakarsa ciko.

Inda ginin ƙasa yake da ci shi ne wajen itace. Rufin soro yana son azara, azara kuwa giginya ce ko goriba, ga su suna ƙaranci. Manoman Matamaye da Magariya da Mirya sun yi suna a duniya saboda yadda suka raya gawo a gonakinsu tun daga shekarun 1980, bai kamata gini ya cinye abin da noma ya raya ba. Maganin ma a Nijar aka gwada shi. A 1980, a Cikal ta yankin Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina rufin ƙubba na bulon ƙasa zalla, ba azara ba kwano, dabarar da aka ɗauko daga Nubiya ta ƙasar Masar. A Dandaji ta jihar Tawa kuma, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun tsara sabon masallaci da bulon ƙasa matsattse, aka kammala a 2018. Tsohon masallacin ba a rushe shi ba, an gyara shi ya zama ɗakin karatu.

Ba na cewa ƙasa ba ta da aibi. Tsohon masallacin Birni a Damagaram ya faɗi cikin ruwan Satumban 2024, gidajen ƙasa masu yawa sun rufta a daminar. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin ruwa ya sauka, yana son indararo mai tsawo, yana son harsashi mai ƙarfi. A nan ne buhun siminti yake da amfani, a gindin bango inda ruwa ke ci, ba lallai sai daga ƙasa har sama ba. Wanda ya kwana a ɗakin kwano cikin watan Afrilu ya san abin da ya saya da kuɗinsa.

Mai niyyar gini bayan girbin bana, zauna da maginin tun kafin a kawo yashi. Ku ƙirga bulo, ku ɗora buhuna a kan katako, kada a yi kwaɓin da ya fi ƙarfin sauran yini. Guntayen bulo a kai su bakin kwazazzabo ko ramin da aka ɗebi ƙasa, ƙasar tsohon ɗaki kuma a tara ta wuri guda a jiƙa.