Banki ya cire maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba? Fara da neman takardunka

Da yawa daga cikin ƴan kasuwa da ma'aikata ba sa duba takardar bayanin asusunsu na banki, wadda ake kira relevé, sai ranar da suka ga kuɗi sun ragu. Alhali cirar sefa 1.000 kowane wata, a shekara ta zama 12.000. Wasu daga cikin waɗannan kuɗaɗe kuma banki ba shi da hurumin karɓarsu.

A ƙasashe 8 na UEMOA, ciki har da Nijar da Benin da Togo da Burkina Faso da Côte d'Ivoire, babban bankin BCEAO ya wajabta wa bankuna yin wasu ayyuka 19 kyauta tun daga ranar 1 ga Oktoban 2014. Daga cikinsu akwai buɗe asusu da rufe shi, da zuba kuɗi a bankinka, da cirar kuɗi da kati a na'urar bankinka, da tura kuɗi zuwa wani asusu a cikin banki ɗaya. Haka nan bayanin asusu na wata-wata, da takardar da ke tattara dukan kuɗin da aka caje ka a shekara. A Kamaru da Chadi ma, hukumar COBAC da ke sa ido kan bankunan yankin CEMAC tana da nata jerin ayyukan kyauta.

Sai dai ƙorafin baki ba ya maido da kuɗi, hujja ake so. Idan takardunka sun ɓace, ko banki yana jan ƙafa, a nan dokar kare bayanan mutum take da amfani. Côte d'Ivoire ta kafa tata a 2013, Nijar kuma a 2017. Irin waɗannan dokoki sun ba kowa haƙƙin sanin abin da wani kamfani ya adana game da shi, da neman a gyara abin da ba daidai ba. Banki ma yana ƙarƙashin wannan doka, domin sunanka da adireshinka da shige da ficen kuɗinka duk bayananka ne.

Don haka ka rubuta wa banki wasiƙa, ka sa suna da lambar asusu da hoton katin shaida. Ka nemi bayanin asusu na watannin da kake zargi, da yarjejeniyar da ka sa wa hannu ranar buɗe asusun. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗaya, ka riƙe. Wanda Faransanci ke ba shi wahala ya nemi amintacce ya rubuta masa, amma kada ya ba kowa lambar sirrin katinsa.

Idan takardun sun zo, ka bi su layi-layi, ka kwatanta da jadawalin farashin da ake liƙawa a cikin banki. Duk abin da aka cire a kan aikin kyauta, ko aka cire sau biyu, ko ya wuce farashin da aka bayyana, ka rubuta kwanansa da adadinsa. Sannan ka sake rubuta wasiƙa kana neman a maido da jimillar.

In banki ya yi shiru, akwai gaba. Ƙorafin kuɗi ana kai shi ga Commission bancaire ta yankin, mai mazauni a Abidjan. Hana ka bayananka kuwa, a Nijar hukumar HAPDP ake kai wa ƙara, a Benin APDP, a Côte d'Ivoire kuma ARTCI.

Ba kowace cira ce haramtacciya ba. Kuɗin katin banki da ruwan bashi, alal misali, ba sa cikin jerin kyauta. Amma ba za ka bambance halal ɗin banki da haƙƙinka ba sai takarda tana hannunka.