Tulun da Ke Ƙarƙashin Kujera

A gidanmu na Kurna sayen ruwa ake yi, tun ina yaro har yau. Famfo yana nan a bakin banɗaki, amma shekara da shekaru ban ga ya ɗiga ba. Saboda haka Inna ba ta taɓa barin ruwa ya yi aiki ɗaya ya tafi. Wanda aka wanke shinkafa da shi na awaki ne. Na ɗaurayar kwanuka shi ake yayyafawa a tsakar gida kafin shara don ƙura ta kwanta. Ko alwala za ka yi, sai ta ce ka matsa gindin zogale. Ba ta ƙirƙiri ko ɗigo ɗaya ba, duk ruwan gidan daga jarkar ɗan ga-ruwa ya fito, kuma kuɗi aka biya. Abin da ta iya shi ne tare ruwan da wasu gidajen ke bari ya bi kwata. Jarka huɗu kan kai mu dare, maƙwabtan da ba su fi mu yawa ba kuwa sai sun sayi shida.

Ita nake tunawa duk lokacin da aka tambaye ni shan man motata. Jif ce, Toyota RAV4 ta 2019, irin wadda ke haɗa fetur da lantarki, wadda dillalai ke kira haibirid. Ta hannu na saya, bayan ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta zarce dubu a ƙarshen 2024. Kafin lokacin ba mai tambayar shan mai idan zai sayi jif, girma da sanyi da ƙarfi ake dubawa. Yanzu kuwa ko a wajen ɗaurin aure aka ga rubutun da ke bayan motar, sai wani ya matso ya ce, "Malam, da gaske ne ba ta shan mai?"

Tana sha mana. Irin wannan motar ba a jona ta da wutar gida, ba ta da ma inda za a jona. Duk ƙarfin da ke cikinta, har na batirin, daga tankinta mai cin lita 55 yake fitowa, kamar yadda duk ruwan Inna daga jarka yake. Bambancinta da sauran motoci shi ne tana tare abin da su suke zubarwa. Motar da aka saba da ita, idan ka taka birki, gudun da ka saya da fetur zafi yake komawa a jikin faifan birki, iska ta kwashe. Wannan kuwa, da ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taka birki a hankali, injin lantarkin da ke tura ta sai ya juye ya zama janareta, tayoyi su juya shi, wutar da ya samar ta koma batir. Can idan za ka tashi daga tsaye, da wannan wutar za ta fara turawa kafin injin fetur ya karɓa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Toyota ta fito da Prius a Japan tun 1997, Ford ta sa ta a jif ɗinta Escape a 2004, Lexus RX 400h da Highlander suka biyo baya a 2005. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, RAV4 irin tawa tana cin kusan kilomita 17 da lita ɗaya a cikin gari, a babbar hanya kuma wajen 16. 'Yar'uwarta mai fetur zalla tana cin wajen 11 a gari, 14 zuwa 15 a babbar hanya. Duba da kyau: irin tawa cikin gari ne ma ta fi tattali, akasin abin da direbobi suka sani tun fil'azal. Dalilin a fili yake, inda ake yawan tsayawa da tashi nan ne ake samun ruwan tarewa.

Amma waɗannan alƙaluma na gwaji ne, kuma na ga mutane biyu da mota iri ɗaya, ɗaya yana yabo ɗaya yana cewa an cuce shi. Abin da na biyun bai gane ba shi ne girman mazubin.

Batirin da ke ƙarƙashin kujerar baya ƙarami ne ƙwarai. Ƙarfin da yake ɗauka idan ya cika bai kai wanda ke cikin kwatan litar fetur ba, kuma motar ba ta yarda ya cika maƙil ko ya ƙare ƙaf, tsakiyarsa kawai take amfani da shi don ya daɗe. Da shi kaɗai ba za ka wuce kilomita ɗaya zuwa biyu ba. Tulu ne, tulu mai ƙaramin baki. Wanda ya taɓa juye bokiti cikin tulu ya san yadda ake yi. Sai ka karkata bokitin kaɗan, ruwan ya zama siririn zare, ka yi haƙuri har ya shige. Idan ka kifa shi gaba ɗaya saboda sauri, kaɗan ne zai shiga, saura ya jiƙa maka ƙafa. Haka birkin motar nan yake. Akwai iyakar wutar da batirin ke iya karɓa a lokaci guda. Ka taka a hankali daga nesa, kusan duk abin da za a iya tarewa zai shiga. Ka zo da gudu har gindin danja sannan ka danna da ƙarfi, sai birki na gargajiya ya kama, yawancin ƙarfin ya tafi a zafi kamar a kowace mota. A gaban sitiyari akwai allura da ke nuna wannan. Idan ta sauka ɓangaren da aka rubuta CHG, tulu yana sha. Idan ta kai ƙarshen ɓangaren ta tsaya kuma kana ƙara dannawa, abin da ka ƙara zuba ne.

Wanda ya koya mini sauran kuwa bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ɗan ga-ruwan unguwarmu ne. Kurarsa tana ɗaukar jarka goma sha biyu, kowace lita 25, wato kilo 300 ban da nauyin ƙarfen. Na sha tsayawa ina kallonsa. Wahalarsa duka a tashi take: ya sunkuya, ya kafa ƙafa, jijiyoyin wuyansa su fito, sannan kurar ta motsa. Da ta kama tafiya, da tafin hannu kawai yake bin ta. Don haka ba abin da ya ƙi jini kamar tsayawa ba dalili. Idonsa ba ya kan jarka, yana can gaba. Idan ya hango a daidaita sahu ya tsaya sauke fasinja a bakin lungu, tun daga nesa yake sassautawa, ya bar kurar tana gangarawa a hankali, kafin ya iso hanya ta buɗe, ya wuce bai tsaya ba. Ya san duk tsayawar da ya yi da ƙarfin ƙirjinsa zai biya ta.

Motata kusan kilo 1,700 ce, kuma abin da ke tashinta kuɗina ne. Tun da na fara tuƙi irin na ɗan ga-ruwa, tazarar da ke tsakanin shiga gidan mai da sake shiga ta ƙaru, ban canza komai a jikin motar ba. Daga Ɗangi zuwa Ƙofar Nassarawa da yamma, idan na hango ja a danja ko cunkoso a shataletale, ina ɗaga ƙafa tun da wuri. Injin fetur ya mutu da kansa, motar ta ci gaba da tafiya shiru, allura ta sauka CHG. Sau da yawa kafin in ƙarasa an ba da hannu. Wanda ya wuce ni da gudu yana hon a baya, nakan same shi tsaye a gaba, mu tashi tare. Akwai lissafi a ciki da ya kamata kowane direba ya sani: idan ka ninka gudu biyu, ƙarfin da ka zuba ya ninka huɗu. Kuma ko da birkin ya yi kyau, ba duka ke dawowa ba, ana asara wajen shiga batir, ana asara wajen fita. Ruwan ɗauraya yana da amfani, amma bai kai wanda ba a zuba ba tun farko.

Wasu kuma sun wuce gona da iri. Sun ji an ce lantarki, sai su riƙa lallaɓa totur kamar mai taka ƙwai, wai don kada injin fetur ya tashi, jerin motoci a bayansu suna zagi. Wannan ba tattali ba ne. Tulun zai ƙare, injin ya tashi dole ya cika shi, ka biya da asarar shiga da fita a kai. Injin mai lita 2.5 da ke cikin motar an gina shi ne a kan tsarin da ake dangantawa da James Atkinson, wani injiniyan Ingila na shekarun 1880, kuma Toyota ta ce yana mayar da kashi 41 cikin ɗari na ƙarfin fetur zuwa aiki, abin da injinan mota kaɗan ne suka kai. Amma yana kai wannan ne idan an ba shi aiki na sosai. Ka tashi da matsakaicin ƙarfi, ka kai gudun da kake so, ka ɗan ɗaga ƙafa, ka sake ajiye ta a hankali. Ɗan ga-ruwa ma ba ya tashin kura da yatsa.

Akwai wata ɗabi'a da muka gada daga direbobin haya, sa mota a firi idan an zo gangara. A wannan motar asara ce tsantsa, ban da haɗarin da ke ciki, domin idan giya tana N batirin ba ya karɓar komai. Ka kife tulun kenan ana tsakiyar ruwan sama. A bar ta a D. Gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos ma, tun ba a kai rabi ba batirin zai ƙoshi, ka ji injin ya tashi yana gurnani don ya taya riƙe motar. Ba lalacewa ba ce, tulu ne ya cika.

A babbar hanya labarin ya sha bamban, kuma nan ne masu cewa an cuce su suka fi yawa. Daga Na'ibawa zuwa Zariya ba birki ba tsayawa, babu ruwan tarewa, injin fetur ne ke aikin kusan duka. Abokin faɗan a nan iska ce, jif kuwa faffaɗan ƙirji gare ta. Turjiyar iska a gudun kilomita 140 ta kusa ninka ta gudun 100, wanda dama shi ne iyakar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sa wa ƙananan motoci a kan irin wannan hanya. Ka ɗora buhuna a saman kariya, ka ƙara mata faɗin ƙirji. Wanda ya saba ajiye allura a 140 zai ga ribar da ya saya ta narke tun kafin Kwanar Ɗangora.

Sai al'adar safiya. Iyayenmu sun saba tayar da mota a bar ta tana ɗumi, ana ba ta wuta. Wannan ba ta buƙata, da ta nuna READY sai tafiya, injin zai ɗumama kansa a hanya. Sai dai gajeriyar tafiya tana cutar ta, domin mintunan farko injin ba ya yarda ya mutu sai ya yi zafi. Zuwa bakin titi sayen burodi a dawo kamar hura murhu ne don shayi kofi ɗaya, itacen da ya tafi wajen kamawar wuta ya fi wanda ya dafa shayin. Nakan haɗa aikena su zama fita ɗaya. Iyakwandishan kuma daga batir yake sha, shi ya sa idan ka zauna jiran wani a rana da sanyi a kunne za ka ji injin yana tashi jefi-jefi. A watan Afrilun Kano ba zan ce wa kowa ya kashe ba, ni ma ba na kashewa. Inuwa dai nake nema in faka, in kuma buɗe tagogi zafin ya fita kafin in kunna.

Taya mai ƙarancin iska ba sai an yi dogon bayani ba, a tambayi mai kura. Adadin iskar yana rubuce a jikin ƙofar direba, a nuna wa mai faci ya auna da geji, kada ya buga da ƙafa ya ce ta yi.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ƙura. Batirin yana da fanka da ke jawo masa iska ta wata 'yar kafa a ƙasan kujerar baya, da rariya a bakinta. Idan hunturu ya shigo rariyar takan toshe, batirin ya yi zafi, motar ta rage dogaro da shi don ta kare shi, shan mai ya ƙaru ba ka san dalili ba. Wani bakanike ya taɓa ce mini batirin ne ya mutu, sai an yi odar wani. Da na kai wa wani ya buɗe, ƙura ce ta yi dam kamar auduga. Ya karkaɗe, ya hure, motar ta dawo yadda take.

Ranar Juma'ar da ta wuce na ɗauki Inna zuwa dubiya a Hotoro. Ta zauna a baya, ta ajiye ƙullin kayan dubiyar a ƙasa, daidai bakin kafar. Na ce, "Inna, ku ɗan matsar da ƙullin nan, ta nan batirin yake shan iska." Ta ɗauke ta ɗora a cinya. Da muka tsaya a danja injin ya yi tsit, ta leƙo ta ce, "Kai, ta mutu ne?" Na ce a'a, hutawa take, ƙarfin da ta tara lokacin da muke rage gudu shi zai tashe mu. Ta yi shiru tana sauraro har aka ba da hannu, motar ta zame ba ƙara. Sai da muka yi nisa injin ya karɓa, ta ce, "To ga shi nan ya farka." Daga nan har Hotoro, duk inda ya mutu sai ta faɗa mini.