Hoton zuciya na iya tona asirin jijiyar da ta fara toshewa

Sau da dama mukan ji an ce wane ya faɗi a kasuwa ko bakin aikinsa, kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa, alhali jiya lafiyarsa lau. Galibi abin ya daɗe yana ƙulluwa a ɓoye. Zuciya na da ƴan jijiyoyinta da ke ciyar da naman jikinta da jini. Shekara da shekaru kitse na taruwa a bangonsu, hanya na tsukewa, har ranar da gudan jini zai toshe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan cuta ce kan gaba wajen kashe mutane a duniya.

Tun shekara ta 1958 likita Mason Sones na birnin Kilibland a Amurka ya gano hanyar ganin waɗannan jijiyoyi: a zura siririn bututu har bakinsu, a tura wani ruwa, a ɗauki hoto. Likitoci na ɗaukar tsukewar da ta kai kashi 70 cikin ɗari a matsayin babba. Sai dai aikin na da tsada, kuma bai rasa haɗari. Ke nan wa ya kamata a yi wa, wa za a ɗauke wa? Nan ne alamomin hoto ke da amfani.

Alama ta farko alli ce. Kitsen da ya tsufa a jijiya yakan taurare, sikana kuma tana ganinsa ba tare da an huda mutum ba. A shekara ta 1990 likita Arthur Agatston ya fito da ma'aunin wannan alli. Sifiri na nufin haɗarin kaɗan ne, abin da ya haura 400 kuwa alama ce ta cuta mai yawa. Amma a kula, sabon kitse mai taushi ba ya shiga wannan lissafi, saboda haka sifiri ba ya wanke matashin da ƙirjinsa ke ciwo.

Ta biyu ita ce eko, irin na'urar da ake duba masu juna biyu da ita, wadda aka fara gwadawa a kan zuciya a ƙasar Suwidin a 1953. Ba ta nuna jijiyoyin sosai, sai dai naman da suke ciyarwa. Idan aka sa mutum ya tuƙa keke, ɓangaren da jini bai isa ba sai motsinsa ya ragu. Ga ƙasa irin tamu wannan abin lura ne, domin eko ta fi sikana araha da sauƙin samu.

Ko hoton na ceton rai? A ƙasar Sikotland an bi mutane fiye da 4000 masu ciwon ƙirji. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna cikin shekaru 5, kashi 2,3 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa sikanar jijiyoyi ne suka sami bugun zuciya ko cutar ta kashe su, ga sauran kuwa kashi 3,9. Babban dalili shi ne an fara ba su maganin rigakafi da wuri.

Don haka, mai karatu, idan kana da hawan jini ko ciwon sukari, ko kana shan taba, kuma ƙirji na danne ka in ka yi tafiya, ya sake ka in ka huta, kada ka ce gyambon ciki ne. Je ka ga likita tun da sauran ƙarfinka.