Taken yawon buɗe ido na ƙasar Filifin

Taken yawon buɗe ido na ƙasar Filifin gajerun kalamai ne da Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido ta ƙasar take zaɓa domin tallata ta ga baƙi a gidajen talabijin, allunan talla, jaridu da intanet. Tun daga shekarar 1973 ƙasar ta sauya take sau da yawa, galibi bayan sauyin gwamnati ko naɗin sabon sakataren ma'aikatar. Wanda ya fi shahara shi ne "It's More Fun in the Philippines", wato "an fi jin daɗi a Filifin", wanda aka yi amfani da shi daga 2012 zuwa 2023. Sau uku cikin shekara goma sha uku, a 2010 da 2017 da 2023, tallar gwamnati ta jawo ce-ce-ku-ce bisa zargin kwaikwayo ko amfani da hotunan wasu ƙasashe.

Dalilin muhimmancin take

Filifin ƙasa ce ta tsibirai 7,641 a kudu maso gabashin Asiya. Ba ta da iyakar ƙasa da kowace maƙwabciya, don haka kusan duk baƙon da zai shige ta sai ya hau jirgin sama. Wannan ya sa tana shan wuya wajen gogayya da Tailan da Malesiya, waɗanda ake iya shiga ta mota ko jirgin ƙasa. A shekarar 2019 Tailan ta karɓi baƙi kusan miliyan 40, Malesiya kimanin miliyan 26, Filifin kuwa miliyan 8.26. Duk da haka, a wannan shekarar harkar yawon buɗe ido, haɗe da tafiye-tafiyen 'yan ƙasa a cikin gida, ta samar da kusan kashi 13 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar.

Maƙwabtan nata sun riƙe take ɗaya tsawon lokaci: "Amazing Thailand" tun 1998, "Malaysia, Truly Asia" tun 1999. Masu sukar manufofin Filifin sukan kafa hujja da wannan, su ce take tamkar kirari ne, ba ya zama a kunne sai an daɗe ana maimaita shi.

Shekarun farko

Shugaba Ferdinand Marcos ne ya kafa ma'aikatar a watan Mayun 1973, watanni kaɗan bayan ya ayyana dokar soja a Satumban 1972, ya kuma ɗora Jose Aspiras a kanta. Taken wancan zamani shi ne "Where Asia Wears a Smile", wato wurin da Asiya take murmushi. A shekarar ne kuma aka fara shirin Balikbayan, wanda ke ƙarfafa wa 'yan ƙasar mazauna ƙetare gwiwa su riƙa zuwa ganin gida. Gwamnati ta jawo manyan taruka zuwa yankin Manila: gasar sarauniyar kyau ta Miss Universe a 1974, damben Muhammad Ali da Joe Frazier a 1975, da taron Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1976. Masana tarihi da dama suna ganin an yi wannan talla ne har da nufin gyara sunan gwamnatin a idon duniya, a lokacin da ake tsare 'yan adawa.

Bayan faɗuwar Marcos a 1986 an gwada wasu taken, ciki har da "Fiesta Islands", wanda ya dogara da bukukuwan shekara-shekara da kusan kowane gari yake yi.

WOW Philippines

A shekarar 2002, lokacin da Richard Gordon yake sakataren ma'aikatar, aka ƙaddamar da "WOW Philippines". Kalmar "wow" furucin mamaki ce a Turanci, kamar yadda Bahaushe zai ce "kai!", don haka baƙo daga kowace ƙasa yana gane ta ba tare da fassara ba. An haɗa ta da shelar 2003 a matsayin shekarar ziyartar Filifin. Taken ya zarce zamanin Gordon, wanda ya bar muƙamin a 2004, aka ci gaba da aiki da shi har zuwa 2010.

Pilipinas Kay Ganda

A ranar 23 ga Agustan 2010 wani korarren ɗan sanda ya yi garkuwa da motar 'yan yawon buɗe ido a Manila, aka kashe mutum takwas 'yan Hong Kong. Sabuwar gwamnatin Benigno Aquino III tana neman hanyar farfaɗo da sunan ƙasar, sai a tsakiyar Nuwamba ma'aikatar, ƙarƙashin Alberto Lim, ta fito da "Pilipinas Kay Ganda", wanda a harshen Filifino yake nufin "Filifin, kyau ya kai kyau".

Suka ta taso nan take ta fuska uku. Na farko, taken yana cikin harshen da baƙin da ake son jawowa ba sa ji. Na biyu, tambarin ya yi kama sosai da tambarin "Polska" na hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar Folan, musamman a salon haruffa. Na uku, adireshin shafin intanet da aka buɗe wa shirin ya yi kusa da na wani shafin batsa, har aka rufe shi da gaggawa. Cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarnin a jingine taken, mataimakin sakatare Vicente Romano III kuma ya ɗauki alhaki ya yi murabus.

It's More Fun in the Philippines

A Satumban 2011 aka naɗa Ramon Jimenez Jr., wanda ya yi suna a sana'ar talla, ya jagoranci ma'aikatar. Ranar 6 ga Janairun 2012 ya gabatar da sabon take da kamfanin BBDO Guerrero ya tsara. Tunanin da ke bayansa shi ne, rairayin bakin teku da duwatsu ana samunsu a ƙasashe da yawa, abin da ya bambanta Filifin shi ne mutanenta da fara'arsu. An kuma gina taken a matsayin amsar tambayar da baƙo zai yi: me zai kai ni Filifin?

Tsarin tallar mai sauƙi ne. Ana ɗaukar wani abu na yau da kullum, a ɗora shi kan hoton da ba a zata ba, sannan taken ya biyo baya. An rubuta "hawa bene" a kan hoton gonakin shinkafa na Banaue da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tsaunuka, aka rubuta "zuwa wurin aiki" a kan hoton masu tuƙa ƙaramin kwalekwale. Da yake kowa zai iya yin irinsa da hoton da ke wayarsa, dubban 'yan ƙasar suka shiga ƙirƙirar nasu a Facebook da Twitter, tallar ta bazu ba tare da gwamnati ta biya kuɗin yaɗa ta duka ba.

Sauƙin nan ya zama makami a hannun masu suka ma. An riƙa liƙa taken a kan hotunan cunkoson motoci a Manila, ambaliyar ruwa da layin fasinjoji a filin jirgin sama na Ninoy Aquino, wanda wani shafin matafiya ya sanya a matsayin mafi muni a duniya a 2011 da 2013. An kuma tono wata tallar Suwizalan ta 1951 mai kalamai iri ɗaya. Jimenez ya ce dacewa ce kawai, ma'aikatar ta ci gaba da taken.

Yawan baƙi ya tashi daga miliyan 3.9 a 2011 zuwa miliyan 4.27 a 2012, ya kai kusan miliyan 6 a 2016. Burin da gwamnati ta sa wa kanta na baƙi miliyan 10 a 2016 bai cika ba. Ba a iya danganta ƙaruwar ga take kaɗai, domin a shekarun nan ne jiragen sama masu arha suka yawaita, matafiya daga Koriya ta Kudu da Sin kuma suka ƙaru a yankin baki ɗaya.

Tallar 2017 da rufe Boracay

A Yunin 2017, ƙarƙashin sakatariya Wanda Teo, aka saki wata talla mai ɗauke da kalaman "Experience the Philippines". Ta nuna wani dattijo ɗan Japan yana zaga ƙasar, sai a ƙarshe mai kallo ya gane makaho ne. Masu kallo suka nuna cewa Afirka ta Kudu ta yi talla mai irin wannan zubi shekaru kaɗan kafin nan. Ma'aikatar ta raba gari da kamfanin McCann Worldgroup Philippines da ya shirya ta, tsohon taken kuma ya ci gaba.

Shekarar da ta biyo baya ta nuna illar jawo baƙi fiye da ƙarfin wuri. Gwamnatin Rodrigo Duterte ta rufe tsibirin Boracay wata shida, daga 26 ga Afrilu zuwa 26 ga Oktoban 2018, saboda ƙazantar da ake kwararawa cikin teku da gine-gine ba bisa ƙa'ida ba. A 2019 sakatariya Bernadette Romulo-Puyat ta sabunta tambarin taken, ta mai da hankali kan yawon da ba ya lalata muhalli. Annobar korona ta sauko da yawan baƙi zuwa kimanin miliyan 1.48 a 2020.

Love the Philippines

Ranar 27 ga Yunin 2023, a bikin cikar ma'aikatar shekara 50, sakatariya Christina Frasco ta ƙaddamar da "Love the Philippines", wato "ƙaunaci Filifin". Hujjar ma'aikatar ita ce ƙasar tana da abin nunawa da ya wuce nishaɗi, kamar tarihi, abinci da al'adu.

Cikin kwanaki kaɗan aka gano cewa wasu sassan bidiyon ƙaddamarwar hotunan saye ne da aka ɗauka a wasu ƙasashe: gonakin shinkafa na Bali a Indonesiya, masunci a Tailan, jirgin sama a Suwizalan, da tuddan rairayi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Kamfanin dillancin labarai na AFP ya tabbatar da asalin da dama daga cikinsu. Abin da ya fi ɓata wa jama'a rai shi ne Filifin tana da nata gonakin shinkafa a Ifugao, waɗanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya tun 1995. Kamfanin DDB Philippines ya nemi afuwa, ma'aikatar ta soke kwangilarsa ta peso miliyan 49, amma ta riƙe taken. A ƙarshen 2023 ƙasar ta ƙirga baƙi miliyan 5.45.

Rawar fina-finai

Wasu wurare a ƙasar sun samu baƙi ta hanyar fim, ba ta tallar gwamnati ba. An ɗauki sassan fim ɗin Apocalypse Now na 1979 a Baler, kuma ana danganta farkon wasan hawa igiyar ruwa a garin da allunan da ma'aikatan fim ɗin suka bari. The Bourne Legacy na 2012 ya nuna titunan Manila da tekun El Nido a Palawan. Fim ɗin cikin gida That Thing Called Tadhana na 2014 ya sa matasa suka yi ta tururuwa zuwa garin Sagada da ke kan tsaunuka, har mazauna suka fara kokawa da cunkoso da shara.

Muhawara

Batutuwa uku ne suke dawowa duk lokacin da aka sauya take. Akwai batun harshe: Filifino da Turanci duka harsunan hukuma ne, amma abin da ya faru a 2010 ya sa aka koma Turanci. Akwai batun ɗorewa, domin kowane sauyi yana nufin sabon kashe kuɗi da watsar da sunan da aka riga aka gina. Sannan akwai masu cewa gyaran filayen jiragen sama, hanyoyi, tsaro da tsaftar bakin teku ya fi kowane take tasiri wajen sa baƙo ya sake dawowa.