Jaraba da Jarrabawa a Koyarwar Kiristocin Farko

A Hausa akwai kalmomi biyu da suka fito daga tushe ɗaya na Larabci, watau "jarrabawa" da "jaraba". Jarrabawa ita ce gwajin da a ke yi wa mutum domin a san iyakar ƙarfinsa. Jaraba kuwa kwaɗayi ne da ke jan mutum zuwa ga abin da ya san ba daidai ba ne. Helenancin da aka rubuta Sabon Alkawari da shi bai raba su ba, gama kalma ɗaya, peirasmos, ita ke ɗauke da ma'anonin duka biyu. Wannan ya daɗe yana wahal da masu fassara. A shekarar 2017 Katolikan Faransa suka sāke lafazin Addu'ar Ubangiji, na Italiya kuma suka yi haka a 2020, domin kada mai addu'a ya zaci Allah ne ke tura mutum cikin zunubi. Wasiƙar Yakubu ta koyar cewa Allah ba ya jan kowa zuwa mugunta, sha'awar mutum ita ke ruɗinsa.

To, in daga cikin zuciya jaraba ta ke tasowa, ina laifi ya ke farawa? Cikin waɗanda suka amsa wannan tambaya da zurfin bincike akwai Evagiriyus, mutumin Fontus, a ƙasar Turkiyya ta yau. Ya bar birnin Kustantiniya, ya isa hamadar Masar wajen shekarar 383, ya zauna cikin masu zuhudu har rasuwarsa a 399. Ya kasa miyagun tunane-tunane kashi 8: haɗama, sha'awar jiki, son dukiya, baƙin ciki, fushi, ƙosawa da ibada, son yabo, da girman kai. A ganinsa zuwan tunani ba ya hannun mutum, saboda haka ba zunubi ba ne. Abin da ke hannunsa shi ne ya ba tunanin masauki ko ya sallame shi.

Daga nan ne dabarun tsayayya suka fito. Ta fari ita ce lura, watau mutum ya san lokacin da kowane tunani ke zo masa da abin da ke jawo shi. Evagiriyus ya lura cewa ƙosawa da ibada ta fi kama mai zuhudu da tsakar rana, sa'ad da ya ke ganin kamar rana ta ƙi tafiya. Maganinta kuwa ya daure ya zauna a ɗakinsa. Ta biyu ita ce mayar da martani da Nassi, kamar yadda Linjila ta nuna Yesu ya yi wa Shaiɗan sau uku bayan azumin kwana 40 a jeji. Domin wannan Evagiriyus ya tara ayoyi kusan 500, ya jera su bisa ga tunane-tunanen nan takwas. Ta uku ita ce aikin hannu, kamar tufkar igiya da saƙar kwando, da kuma bayyana wa dattijo abin da ke cikin zuciya, gama sun gane ɓoyewa ita ke ƙara wa jaraba ƙarfi.

Yohanna Kasiyan ya kai wannan koyarwa Marsai, a kudancin Faransa, wajen shekarar 415. Daga baya Paparoma Giregori Babba, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ya sāke tsara jerin, ya shigar da hassada, har aka sami manyan zunubai 7 da aka sani a Turai.

Amfanin rarrabewar nan ba kaɗan ba ne. Wanda ya ɗauki zuwan mugun tunani tamkar zunubi ya kan fid da zuciya, ya ce tun da ya riga ya faɗi, tsayayya ba ta da amfani. Wanda kuma ya rena tunani ya kan bar shi ya yi saiwa, har ya zama aiki. A wurin waɗannan malamai, jarabar da aka ƙi amincewa da ita ta kan zama jarrabawa, wadda mai bi ya ke fita daga cikinta da ƙarin ƙarfi.